Kiredit biyar da yarinyar da ba ta ji

Wani dare bayan sallar isha'i ina zaune a tsakar gidan Yayata, an ɗauke wuta, 'yarta ta fito da fitila mai caji da littafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Ta shafi haɓarta, wanda shi ne sunana a wurinta, wato Kawu mai gemu, ta ɗora yatsa a kan wata tambaya ta Turanci. An ba da kalma ɗaya, an jera huɗu a ƙarƙashinta, an ce a zaɓi wadda wasalinta ya yi sauti ɗaya da na ta saman. Ta dube ni, ta juya tafin hannunta sama tana tambaya: ta yaya ake ganewa?

Sanƙarau ya tafi da jinta tana da shekara biyu, tun bakinta bai gama buɗewa ba. Na kama hannunta na ɗora a maƙogwarona, na furta "seat", na furta "sit". Ta ji rawar maƙogwaro sau biyu, ta girgiza kai, ta nuna mini cewa duk ɗaya ne. Gaskiyarta kuwa. Ko a Hausarmu, garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, kunne ne ke raba su. Na rasa abin da zan ce mata. Ta ɗauki fensir ta zagaye kalmar da haruffanta suka fi kama da na ta saman, domin dabarar da malaminsu ya koya musu ke nan, ta wuce tambaya ta gaba.

Tun daga wannan dare nake ta juya maganar nan a raina, kuma ni malamin sakandare ne, na san yadda ƙofar take. A Najeriya ba a cewa ɗalibi ya gama sakandare da gaske sai ya riƙe kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, daga ɗaya cikin hukumomin jarrabawa, WAEC ko NECO ko NABTEB ko NBAIS, a zama ɗaya ko biyu. Daga A1 zuwa C6 kiredit ne. D7 da E8 an ci, amma cin da ba ya buɗe ƙofa. F9 kuwa faɗuwa ce. Yaro zai yi shekara shida a firamare, shida a sakandare, a ba shi takardar shaidar hali daga ofishin shugaban makaranta, amma in babu kiredit biyar, jami'a ba ta san da zamansa ba, masu ɗaukar aiki ma haka. Tsari ne da aka yi shi da ɗalibi mai ido da kunne da hannu biyu a zuciya, sannan daga baya aka ce makaho da kurma da gurgu su ma su bi ta nan.

Bari in faɗi matsayata tun da wuri, domin akwai masu jin irin wannan magana su ɗauka roƙo ne. Ba na neman a raba wa masu buƙata ta musamman kiredit kyauta. Na sha jin mutanen kirki, masu kyakkyawar niyya, suna cewa, "Ai bayin Allah ne, a ɗan daddage a ba su kawai, lada ne." Wannan tausayin shi ne ya ajiye 'yan uwanmu a bakin masallaci da ƙoƙo shekara da shekaru. Ranar da aka san cewa sakamakon makaho sadaka ce aka yi masa, ranar takardarsa ta mutu, har da takardar wanda ya yi gumi ya ci da ƙoƙarinsa. Abin da nake nema shi ne jarrabawa ta auna abin da ke kan yaro, ta daina auna idonsa da kunnensa. Sashe na uku na jarrabawar Turanci, wanda ɗalibai ke kira "oral", tambayoyi ne a kan sautin wasali da baƙi, da kalmomin da ƙarshensu ke amo ɗaya, da gaɓar da ake dannawa in ana furta kalma. Ga mai ji, wannan ilimi ne mai amfani. Ga wanda bai taɓa jin Turanci ba, kuma ba zai taɓa ji ba, canki-canka ce. Bai kamata makin wannan sashe ya shiga lissafin kurma ba. A musanya masa da ƙarin fahimtar rubutu ko nahawu mai nauyi daidai da na sauran, a kuma rubuta ƙa'idar ɓaro-ɓaro yadda kowane shugaban makaranta da kowane uba zai san da ita tun yaro yana aji ɗaya na babbar sakandare, kada malamai su ɓata zango guda suna koya wa kurame dabarar cankar sauti.

Matsalar kurma da Turanci ma ta fi wannan zurfi, kuma a nan ne nake ganin ba mu yi wa yaran nan adalci ba ko kaɗan. Ɗan Bahaushe mai ji yana shiga aji ɗaya da cikakken harshe a bakinsa. Ya san tatsuniya, ya san zagi, ya san yadda ake ba da labari daga farko zuwa ƙarshe. A kan wannan tubali ake ɗora masa Turanci. Yaron da aka haifa kurma a gidan masu ji sau da yawa yakan kai shekara bakwai ko takwas ba shi da wani harshe cikakke, sai 'yan alamun da gida suka ƙirƙira na ci da sha da zo da tafi. In ya yi sa'a akwai manyan kurame a unguwa, zai tsinci maganar hannu irin ta Kano da kewaye, wadda harshe ce mai zaman kanta da kurame ke ciniki da hira da ita a kasuwa. Sai ya shiga makaranta ya tarar da wani yaren hannu daban, wanda asalinsa na Amurka ne. Wani Ba'amurke baƙar fata, shi ma kurma, Andrew Foster, shi ya buɗe makarantun kurame a Afirka ta Yamma, ya fara da Gana a 1957, ya zo Ibadan a 1960, daga nan yaren makaranta ya samo tushe. To, ka ga yaro da harshen gida daban, na makaranta daban, sannan ranar jarrabawa a ce ya rubuta insha'i da harshe na uku wanda a takarda kawai ya san shi. Tsarin jimlar yaren hannu ba irin na Turanci ba ne, shi ya sa rubutun kurma yakan zo da ƙananan kalmomi a zube, mai gyaran takarda kuma da bai san dalili ba ya ja jan biro ya wuce.

A kan wannan kuma ga malaman da ake turawa makarantun kurame ba su iya ko gaisuwa da hannu ba. Na gani da idona a makarantar da 'yar Yayata ta yi: malami ya juya wa aji baya yana rubutu a allo yana ta bayani da baki, yara arba'in suna kallon ƙeyarsa. In ya gama ya ce su kwafa. Sun iya kwafa kuwa, littattafansu tsaf-tsaf kamar an buga da inji. Ka tambaye su ma'anar abin da suka kwafa, nan ake yin ta.

Ƙasashen da ba su fi mu komai ba sun riga sun gane wannan. A Kenya yaren kurame darasi ne da ake zanawa a jarrabawar gama sakandare. Afirka ta Kudu ta fara jarraba ɗalibai a yaren kuramenta a matsayin harshen gida a 2018, a 2023 kuma ta mayar da shi harshen hukuma na 12. Mu muna da Hausa da Yarabanci da Ibo da Larabci da Faransanci a jerin darussan jarrabawa. Me zai hana kurma ya zana harshen da ya fi ƙwarewa a kai, a ƙirga masa shi cikin biyar ɗinsa? In aka yi haka, dole a rubuta manhaja, dole a horar da malamai da masu gyara, dole makaranta ta nemo wanda ya iya. Abin da aka sa a jarrabawa shi ake koyarwa da gaske a ƙasar nan, duk malami ya san wannan.

Makafi kuma tasu ƙayar Lissafi ce. Shekarun baya na koyar da wani yaro makaho a aji biyu na babbar sakandare, a makarantar da aka gwama masu gani da marasa gani. Darasina Tarihi ne, kuma ban taɓa samun ɗalibi mai riƙe zance kamarsa ba. Ina magana ina jin ƙwas-ƙwas ɗin tsinkensa yana huda takarda a cikin allon rubutunsa, daga dama zuwa hagu, in ya gama ya juya takardar ya bi ɗigon da yatsa. Amma da zarar an kaɗa ƙararrawa malamin Lissafi ya shigo, sai ya lalubi sandarsa ya fita ya zauna a gindin darbejiya. Babu wanda ya kore shi da baki. Haka aka saba tun yana ƙaramar sakandare, kowa ya ɗauka Lissafi ba na makaho ba ne. Wata rana na tsaya na ce masa, "Kai kuwa me ya sa ba ka zama?" Ya ce, "Malam, in ya ce a dubi wannan kusurwa a haɗa da waccan, ni wace ce wannan, wace ce waccan?" Har yau in na tuna ina jin nauyin cewa na yi shekara ina wuce shi a gindin bishiyar nan kafin in tambaya.

Alhali kuwa makaho yana iya Lissafi sarai. Rubutun makafi da Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa yana da ɗigo shida ne kacal a kowane gida, amma a 1952 aka fitar da tsarin rubuta alamomin lissafi da shi wanda Abraham Nemeth ya shirya, shi kansa makaho ne tun haihuwa, ya kuma yi shekaru yana koyar da Lissafi a jami'a a Amurka. Akwai allon ƙwallaye na ƙidaya da aka gyara domin makafi. Akwai zane mai tudu da ake shafawa a ji da'ira da kusurwa da layin jadawali. Kayan nan ba sabbi ba ne, ba kuma sirri ba ne. A ƙasar nan makarantar makafi ta Gindiri a Filato tana nan tun 1953, Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo tana horar da malamai tun ƙarshen shekarun 1970, Jami'ar Jos da ta Bayero suna da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, ga makarantar Tudun Maliki a Kano da kowa ya sani. Masanan muna da su. Abin da babu shi ne mai sayen kayan ya kai aji, da mai tura malamin da ya dace inda ya dace. Sai a bar yaro shekara shida babu darasi, ranar jarrabawa a miƙa masa takarda da rubutun makafi a ce an yi masa adalci.

A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa kiredit a Lissafi ya daina zama sharaɗin shiga jami'a ga masu neman fannonin adabi da makamantansu. Na yi murna saboda makafi da dama da wannan darasi ɗaya ya tsare a gida. Matakin ya kuma nuna cewa ƙa'idar nan ba saukakkiya ba ce, mutane ne suka zauna suka tsara ta, mutane kuma za su iya gyara ta. Amma ina da fargaba guda. Kada makarantu su ɗauki wannan a matsayin izinin barin makaho a gindin bishiya har abada. Dama can kusan duk makahon da ya kai jami'a fanni ɗaya ko biyu ake kora shi, ko yana so ko ba ya so. Yaron da ke son ilimin kwamfuta ko tattalin arziki yana da haƙƙin a koya masa Lissafi, sauƙin da aka yi wa wasu bai sauke wa gwamnati wannan nauyi ba.

Nauyi ne kuwa na doka, ba alfarma ba. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce ilimi kyauta ne gare su har ƙarshen sakandare, ta ce makarantun gwamnati su kasance masu karɓar kowa, da ƙwararrun malamai da rubutun makafi da yaren hannu. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024. Ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu nakasa. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su. To, guraben nan na kashi biyar da wace takarda za a cike su? Duk tallar aikin da aka buga, kiredit biyar ne a layin farko. Wanda aka tare a ƙofar sakandare ba zai taɓa isa ƙofar ma'aikata ba balle ya nemi kasonsa.

Ba zan hana hukumomin jarrabawa nasu yabon ba. Suna buga tambayoyi da rubutun makafi, suna buga masu manyan haruffa saboda masu raunin gani kamar zabiya, suna ba da ƙarin lokaci. JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ita ma ta yi abin a yaba tun 2017 da ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, ana tara makafi a cibiyoyi, har da Kano, a kula da masaukinsu, su zana jarrabawa ta hanyar da ta dace da su. Wannan ya isa hujja cewa in an so ana iyawa. Sai dai duk wani tanadi yana rataye ne a kan abu ɗaya: ranar rajista, wanda ke cike wa ɗalibai bayanai ya nuna cewa wannan yaro yana da lalura kaza. In malamin da aka ɗora wa aikin yana sauri, ko bai san akwai gurbin ba, shi ke nan, yaro zai shiga zaure a ba shi takardar kowa da lokacin kowa. Iyaye da yawa ba su ma san suna da ikon tambaya ba. Mai keken guragu kuma a ce zaurensa yana bene, abokai su ciccibe shi kamar buhu a gaban jama'a, ya zauna ya fara rubutu zuciyarsa a dagule.

Masu adawa da sassauci sukan ce za a buɗe ƙofar maguɗi, kowa zai zo ya ce yana da lalura don a ƙara masa lokaci ko a ba shi mai rubuta masa. Damuwa ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Maganinta shi ne a tantance yaro da shaidar likita tun farkon babbar sakandare, a buɗe masa fayil da ke binsa har zauren jarrabawa, mai rubuta masa kuma ya fito daga wata makaranta, mai sa ido yana zaune kusa. Satar amsa da ta addabi jarrabawarmu, masu ido da kunne ne ke yin ta, a cibiyoyin da kowa ya san su. Bai dace a hukunta makaho da laifin da ba shi ya aikata ba.

Akwai kuma yaran da ba a cika ambata ba, masu lalurar da ta shafi fahimta. Wasu kaifin basirarsu lafiya lau, haruffa ne kawai ke rikice musu a ido, sun sha bulala da sunan daƙiƙanci tun firamare, alhali da za a karanta musu tambaya da baki sai su ba ka mamaki. Wasu kuma, maganar gaskiya, ko an ba su kwana guda ba za su kawo kiredit biyar ba. Su ma sun yi shekarunsu a makaranta, sun koyi abubuwa, bai kamata su fita hannu rabbana ba. Amurka, wadda ta yi dokar ilimin yara masu nakasa tun 1975, inda ake rubuta wa kowane yaro tsarin karatunsa, ta daɗe tana fama da wannan tambaya. Jihohi da dama suna ba irin waɗannan yara takardar shaidar halarta a maimakon cikakkiyar shaidar gamawa, iyaye kuma sukan tarar cewa kwalejoji da masu ɗaukar aiki ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Kada mu kwafo wannan. In za a yi musu takarda, ta faɗi abin da yaro ya iya a aikace, ɗinki ne ko aikin fata ko kiwon kaji ko gyaran waya, hukuma irin NABTEB ta jarraba shi da hannu ta buga hatimi, gwamnati kuma ta fara karɓarta a nata guraben kafin ta ce wani ya karɓa. Kuma kada a yanke wa yaro wannan hanya saboda kawai an ga sanda ko keke. Makaho da kurma da gurgu hanyar kowa ce tasu.

Yanzu ana ta shirin mayar da jarrabawar gama sakandare kan kwamfuta, WAEC ta riga ta fara da masu zaman kansu tun 2024. Lokacin magana ke nan, tun ba a gama gini ba. Kwamfuta tana iya karanta wa makaho tambaya a kunne, tana iya ƙara girman harafi, tana iya nuna wa kurma umarni da hoton mai yaren hannu. Tana kuma iya zama sabon shinge in aka sayo manhajar da ba ta magana, aka zuba cibiyoyi a saman bene, aka kawo yaron da bai taɓa taɓa madannai ba sai ranar. Ƙungiyoyin makafi da na kurame su ya kamata a zaunar a teburin da ake tsara abin, domin su suka san inda ƙaya take.

'Yar Yayata ta zana jarrabawar fita sau biyu. Tana da kiredit shida, Lissafi ma B3 ta samu, ita ke riƙe wa mahaifiyarta lissafin adashen matan layinsu, ba a taɓa samun kuskuren ko naira ɗaya ba. Turanci D7, duka biyun. Burinta ta karanci koyar da kurame a jami'a, ta koma aji ta tsaya tana fuskantar yara. A yanzu tana zuwa shagon ɗinki da safe. Makon jiya Yaya ta kira ni ɗaki ta ce, "Malam, kai ka san harkar nan, a sake biya mata ko a haƙura?" Na ce, "Yaya, a sake biya." Mun haɗa kuɗin ni da ita, mun yi mata rajistar ta masu zaman kansu, wannan karon ni da kaina na tsaya a kan mai cike bayanan har na ga ya nuna cewa kurma ce. Da daddare ta sake fito da littafin nan da fitilarta, mun bar shafukan sauti, mun buɗe na insha'i.